Sawun Laminu a Bakin Teku

Tunkiyata na sayar. Ku da kuke yawo da cewa Inna Hajara ta je Dakar a kyauta, to ku ji da kyau: jirgin sama ne kaɗai ba ni na biya ba. Fasfo, da allurar likita, da motar kar ɗin da ta kai ni Yamai, duk a wuyan tunkiyar nan suka fito, fara mai baƙin kunne, da cikinta ma. Ran kasuwar Mirriya na kai ta. Dillalin ya cuce ni, na sani, amma ranar ba ni da bakin ciniki. Ɗan abin da ya rage na ƙulle a bakin zane, ban kwance ba sai a ƙasar mutane.

'Yata Rabi ce ta matsa mini in rubuta muku, wai ta gaji da jin labarin guntu-guntu wajen ɓarar gyaɗa. Ku yi haƙuri da hannun, a aji biyar na bar lakwal.

Yayanku Laminu dai kun san shi. Tun muna Zermu, kafin mu dawo Damagaram, in kaka ta yi aka buga ganga ba yaron da ke tashi da bayansa ba ƙasa. To shi da wasu samari huɗu aka zaɓa a kai su Dakar wata uku su ƙara koyon kokawa. Sai samarin suka ce ba za su je ba sai da mai dafa musu abinci daga gida. Ba taurin kai ba ne. Ɗan kokawa ba ya cin tuwon hannun da bai sani ba, wannan ko jaririn Damagaram ya sani. Mushe Abdu, mai koyar da su, ya same ni ina tuyar ƙuli-ƙuli.

"Inna, aiki na kawo miki. Tuwo da furar samari biyar, wata uku."

"A ina?"

"Dakar."

"Gaba da Yamai ne?"

"Gaba kaɗan."

Allah ya yafe masa wannan kaɗan ɗin.

Na tafi da gero, da kuka, da daddawa, da muciyata. Garin nan iskarsa jiƙaƙƙiya ce, gishiri a cikinta, ko allura ka ajiye sai ta yi tsatsa. Gaisuwarsu wai "nangadaf". Kwana uku ina amsawa da "lafiya lau" kafin a ce mini "mangifi" ake cewa. Abincinsu kuwa guda ne, shinkafa da kifi, wai cebbujan. Jiya cebbujan, yau cebbujan, in an yi baƙo a ƙara kifi.

Gidan da aka kama mana na wata mata ce, Ya Astu. Doguwa, ƙatuwa, kullum da asuwaki a baki tsawon kamu guda, turarenta na riga ta shiga ɗaki. Mu a sama, ita a ƙasa. Kwana biyu da zuwana muka fara rigima, don na kafa turmi a kan benenta. Ta hau tana haki, da ɗan faransancinta, ni da ɗan nawa.

"Madam, pa isi! Pa isi!"

"To a ina zan daka, a kaina?"

"Mashin! Mashin!"

"Furar inji? Ki ba ɗanki, ba nawa ba."

Ba ta ji ba, amma ta gane. Na sauko da turmin tsakar gida, muka zauna a haka, ana gaisawa da haƙori.

Ɗan nata shi ne damuwata. Modu sunansa, suna irin na Barebarinmu, har na so in saki jiki. Shi ma ɗan kokawa ne, wuri ɗaya suke koyo da Laminu, girmansu ɗaya, kullum su ake haɗawa. Mushe Abdu kuma ya faɗa mana tun farko: in wata uku suka cika, masu wurin za su duba wanda ya fi ƙwazo su riƙe shi shekara guda, da ci da sha da albashi. Wannan shekarar ita ce duk abin da Laminu ya zo nema. To ku gaya mini, mutumin da kuke neman abu ɗaya da shi, me ya sa zai riƙa zuwa ƙofarka da sassafe yana washe baki?

Ran Lahadi ba a koyo, wai repo. Ni na ɗauka repo kwanciya ce. Ina! Da sassafe Modu zai hau bene: "Lamin! Lamin!" Ko sunan bai iya ƙarasawa. Sai su fita ganin gari. Lahadin farko na bi su. Suka kai ni wani tudu da aka kafa wa gunkin ƙarfe, namiji da mace da yaro, tsawonsu ya fi duk wani dutsen da ke Birni, matar kusan ba zane. Na kau da kai. Laminu kuwa sai foto yake, ya ɗaga hannu, ya rungumi Modu, a sake ɗauka. Suka so mu shiga jirgin ruwa zuwa wani tsibiri, na ce ni da ƙafata na zo duniya, a kanta zan tsaya. Daga nan sai bakin teku, filaj suke ce masa.

Ruwan bai ba ni tsoro ba kamar yadda kuke zato. Abin da ya tsinka mini zuciya, Laminu ne ya cire takalmi. Rairayin wurin jiƙaƙƙe ne, in ka taka sai sawunka ya fito kamar an zana, har yatsu biyar ana ƙirgawa. Ga mutane kamar ran kasuwa. Ɗana yana tafe yana barin kansa a ƙasa, taki bayan taki, duk mai so ya duƙa ya ɗiba.

Ku yaran yanzu dariya kuke wa irin wannan. Mu mun gani. Ƙasar sawun ɗan kokawa, tafi guda ya isa. A kai wa wanda ya san aiki, ran karo ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutsen niƙa. Kawuna haka aka yi masa a Dakusa, ya shiga fage da ƙafa biyu ya fito da ɗaya da rabi. Shi ya sa a gida duk ranar da Laminu zai fita karo, yana ƙetare ƙofa nake share bayansa.

Lahadi ta biyu na saka tsintsiya a cikin mayafi.

Suna gaba suna hira da hannu, don Laminu ba ya jin yarensu sosai, ni ina baya ina shara. Inda igiyar ruwa ta kai ta shafe, na gode mata. Inda ba ta kai ba, ni ce. Wasu Turawa suka tsaya suna ɗaukata foto, wata har ta tafa mini, ta zaci ma'aikaciyar tsabta ce. Laminu ya waiwayo, fuskarsa ta canza.

"Inna, don girman Allah. Kina kunyata ni."

"Kunya ba ta karya ƙafa."

"Nan ba gida ba ne, ba wanda ya san wannan."

"Su suka gaya maka? Ka ga layun da ke damtsen abokinka kuwa? Sun fi na maharbi."

Ya ci gaba da tafiya, na ci gaba da shara.

Lahadi ta uku na ɗaga kai don in miƙe ƙugu, sai na hango ta. Ya Astu, da babbar rigarta, a gefe, tsakanina da yaran. Ta duba hagu ta duba dama, ta duƙa, ta kamfato rairayi ta zuba a leda. Ta yi taki uku ta sake duƙawa. Matar da a gida ko cokali ya faɗi sai ta kira wani ya ɗauko mata! Da muka koma na je wurin Mushe Abdu.

"Na gan ta da idona."

"Inna, wataƙila wankin tukunya za ta yi da shi."

"Duk rairayin Dakar ba na wankin tukunya sai inda ɗana ya taka?"

"Ki saurare ni. Mu baƙi ne. Masu wurin nan ba sa son fitina ko ta ƙwayar gero. In aka kai musu ƙara daga gidan nan, ba ke za su duba ba, sunan Laminu za su soke. Kin ji ni?"

Na ji shi. Na yi niyyar haɗiyewa, wallahi. Amma ran Laraba Laminu ya dawo yana jan ƙafar dama, wai gwiwa ta yi masa nauyi. Likitansu ya ce gudu cikin rairayi ne ya jawo. Likita ya ce. Ni dai na daina ɗanɗana gishirin miya daidai tun daga ranar.

Lahadi ta huɗu ban yi shara ba, ita na sa wa ido. Tana duƙawa na isa kanta na fizge ledar. Ta riƙe, na ja, ledar ta yage, rairayi ya watsu. Ta kama mini mayafi tana ihu da yarenta, ni ina yi da nawa. Ba zan ɓoye muku ba, tsintsiyar ta sauka a kafaɗarta, sau biyu. Ita ma ta cire mini kallabi a gaban maza. 'Yan kokawa biyu, kowa ya rungumi uwarsa ta baya yana ja, mutanen filaj suna kallo kyauta.

Washegari aka tara mu a tsakar gida: Mushe Abdu, da darakta na wurin koyon, da yaran, da Malam Illa mai gasa nama a bakin titinmu, mutumin Dakusa ne da ya daɗe a can, shi ne tafinta. Na faɗi nawa tsaf. Sai Ya Astu ta cire asuwaki ta yi magana mai tsawo, tana nuna ni da shi. Malam Illa ya fara murmushi, ya danne.

"Hajiya, cewa ta yi ke ce kika fara. Ta ce tana zaune lafiya aka gaya mata baƙuwar Nijar na bin ɗanta da tsintsiya tana tattara sawunsa. Ta ce kowa ya san malaman ƙasar Hausa ba a wasa da su. Rairayin yana maƙalewa a tsintsiya, ki hau da shi ɗakinki. Shi ne take riga ki, tana kwashe sawun Modu kafin ki iso."

Na juya ga Malam Illa. Na ce, "Tambaye ta, yaya take bambanta na ɗanta da na nawa? Ai tare suke tafiya."

Ya tambaya. Ta harare ni.

"Ta ce ƙafar da ta wanke tun tana tsawon yatsa, ba za ta ɓace mata ba. Ta ce ke fa, da kike shara, na Laminu kaɗai kike sharewa?"

Duka nake sharewa. Ban taɓa tsayawa na duba ba.

Mushe Abdu ya rufe fuska da hula. Darakta kuwa bai yi dariya ba. Ya ce an daki mai gida a bainar jama'a, labari ya kai musu, ba za su riƙe fitina ba. Cikin mu biyu ɗaya zai koma, ni ko Laminu, mu zaɓa kafin la'asar. Na dubi ɗana, kansa a ƙasa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Ba sai la'asar ba," na ce. "Ni ce. Amma wa zai dafa masa?"

Malam Illa ya juya maganar. Ya Astu ta buga ƙirji.

"Ta ce ita. Ta ce akushi ɗaya za ta zuba musu shi da Modu, hannu biyu a wuri ɗaya. Abin da ya shiga cikin ɗanki ya shiga cikin nata."

Na juya maganar nan ta kowane gefe ina neman inda ramin yake, ban samu ba. Ina cikin haka Laminu ya ɗago.

"Inna, ki yafe mini. Ai tun Lahadin farko muke cin cebbujan ɗinta. Mu duka biyar."

Wato ina can sama ina tsaron tukunya kamar mai gadin banki, su suna ƙasa suna suɗe hannu.

Kwana biyu aka ba ni. Na koya mata tuƙin tuwo, ta yi gudaji, na gyara, ta sake. Na bar mata muciyata da sauran kuka. Ba mu yi wata maganar kirki ba, da wane baki? Ran tafiya ta rako ni har bakin mota, ta tura mini ƙunshin busasshen kifi a jaka, ta dafa kafaɗar da na daka ta ce wani abu, mutane suka yi dariya. Har yau ban san me ta ce ba, kuma ban yarda alheri ne duka ba.

Haka na dawo Damagaram wata ɗaya da 'yan kwanaki, ba wata uku ba, da albashin da bai kai a faɗa ba. Laminu shi aka riƙe shekarar, kun dai sani, yana can. Gwiwar ta warke. Duk Lahadi sai ya turo wa Rabi foto, shi da Modu a bakin ruwa, ƙafa ba takalmi, ni kuma in karɓi wayar in matso da ita kusa da ido ina duba waɗanda ke bayansu.

Kifin kuwa, na fara gutsura wa kyanwar maƙwabta. Kwana biyu ina leƙenta ta katanga. Ran na uku na gan ta a kan rumbu tana lasar hannu, sai na ɗora tukunya. Miyar ta yi daɗi. Ban ce ba ta yi ba.