Jijiyar da Aka Haife Shi da Ita

Mawahib: Alo? Salamu alaikum, Yaya Salahuddin. Mawahib ce, matar Mika'ilu.

Salahuddin: Wa alaikumus salam! Kef, Mawahib? Ya Omdurman? Ya yara?

Mawahib: Lafiya lau. Ya Aljirif? Ya uwargida, Yaya Hajara?

Salahuddin: Alhamdulillahi, jiya ma take cigiyarku. Ina ƙanen nawa? Yana can kan raksha, keken hayar nan tasa mai ƙafa uku?

Mawahib: Muna mustashfa, Yaya, an kwantar da shi asibiti. Yau kwana uku.

Salahuddin: Subhanallahi! Hatsari?

Mawahib: A'a. Kumburin nan na mazauninsa da muke cewa zaman raksha ne. Ashe jijiya ce.

Salahuddin: Jazira? Me ya kai shi Jazira?

Mawahib: Jijiya! Jijiyar jini! Diktora Iman, likitar da ke duba shi, ta ce da ita aka haife shi. A jikin kowa tun jariri yana ciki take ɓacewa, tasa ba ta ɓace ba, ita ke kai wa ƙafarsa jini. Yanzu ta kumbura, in ka ɗora hannu sai ka ji tana bugawa.

Salahuddin: Shekara arba'in ba mu sani ba?

Mawahib: Ita ma a littafi kawai ta taɓa gani. Jini ya daskare a ciki ya toshe hanya. Ƙafar ta yi sanyi ƙalau, yatsu biyu sun yi baƙi.

Salahuddin: To a yi aiki mana!

Mawahib: Wa zai yi? Mai iya ɗinkin jijiyar tun farkon yaƙi ya tafi Masar.

Salahuddin: A kai shi asibitin Bur Sudan fa?

Mawahib: Diktora ta ce ƙafar ba za ta jira tafiyar ba, kuma kumburin na iya fashewa a mota. Yankewa za su yi, daga cinya.

Salahuddin: Inna lillahi...

Mawahib: Ya ƙi sa hannu. Ya ce sai abin da Yaya ya ce.

Salahuddin: Ni? Ni mai buga bulo, me na sani? Bari na taho.

Mawahib: An rufe gadar da ke tsakaninmu tun safe. Kafin azahar Diktora take son amsa.

Salahuddin: Ya Allah. Ke me kika gani?

Mawahib: Ni da ransa nake son sa, ko da ƙafa ɗaya. Na faɗa masa, ya juya mini baya.

Salahuddin: Ba shi wayar.

Mawahib: Ga shi, na kara masa a kunne. Yi sauri, kuɗin wayar ya kusa ƙarewa.

Salahuddin: Mika'ilu? Ɗan'uwana, ni ne. Saurara, ka bar su su... Alo? Mika'ilu! Alo?