Wata Bakwai Ina Cinye Ragowar Abincin Ɗana

Shugabar taro, likitoci da ungozomomi, iyayenmu mata, masu juna biyu da suka cika kujerun gaba, da mazajen da suka maƙale a bakin ƙofa kamar an aiko su karɓar saƙo, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. Ina kuma sanar da jama'a da babbar murya cewa daga yau na sauka daga muƙamin mai cinye ragowar abincin ɗana, bayan wata bakwai ina riƙe da shi babu hutu.

Ga yadda aka naɗa ni. Ranar da na raka matata awon ciki, ungozoma ta tambaye ta, "Akwai ƙaramin yaro a gida?" Ta ce akwai, ɗan shekara biyu. "Da cokali ɗaya kuke ci?" Ta ce, "To, zubar da ragowar zan yi?" Nan ungozoma ta faɗa mana labarin ƙwayar cutar CMV. A yawu da fitsarin ƙananan yara take ɓuya, yaro na wasansa lafiya lau, uwa ma ba lallai ta ji komai ba, amma idan ta kai ga ɗan da ke ciki tana iya taɓa masa ji, har ma ƙwaƙwalwa.

Ni da na cika ɗaki da littattafai ban taɓa cin karo da ita ba, sai na yi murmushi na ce, "Malama, kada ki tsorata mata da haruffa uku." Ta ce, "Malam, tunda kai ba ka tsoro, aiki ya zama naka."

Haka kuwa aka yi. Ragowa tawa ce, goge majina nawa ne. Uwar ta ware cokalinta da kofinta, sumba ta tashi daga baki ta koma goshi, duk canza kunzugu kuma sai an wanke hannu da sabulu.

Makon jiya aka sa wa jaririyarmu na'urar gwaji a kunne, ina tsaye ina kallo. Likita ya ɗago ya ce, "Tana ji, duka biyun." Jama'a, tana ji! Tana jin ƙarar ƙofa, tana jin muryar uwarta, tana jin laccata ma, shi ya sa take kuka.

Mata, ku raba cokali. Maza, ku karɓi majina.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya mai da kowa gida lafiya. Malama ungozoma, ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure.

Na gode.