Sun Ce Taurin Kai Ne Da Na Yarda Aka Cire

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar ni da rai har na tsaya a gabanku yau. Sunana Saratu, matar Bulus manomin citta. Yawancinku kun san ni, ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Na daɗe ban hau nan ba, kuma na san abin da ake faɗa a kaina. Yau ku ji daga bakina.

Ina wanka na ji ƙullutu a nonona na hagu, kamar ƙwallon dabino. Da na je asibiti a nan Kafanchan, suka tura ni Jos. Likita bai ɓoye mini ba. Ya ce ciwon daji ne, sai an cire nonon, kuma kada a ja lokaci.

Na dawo na gaya wa Bulus. Ya ce, "Bari mu gani." Yayarsa Talatu kuwa ta zo takanas daga Kachia, ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Ba a taɓa yanka mace a gidanmu ba. Ki dage da addu'a, wannan aikin maƙiya ne."

To, na dage. Na yi azumi har zanena ya daina zama a ƙuguna. Na shafa man zaitun, na sha ruwan da aka yi wa addu'a. A lokacin nan babu sunan yabo da ba ku ba ni ba. Mace mai bangaskiya. Mai naci a gaban Ubangiji. Wata ma ta ce a yi koyi da ni. Ina jin daɗin yabon, ƙullutun kuma yana girma. Damina guda ta wuce a haka, har na kasa ɗaga hannu in ba da waƙa.

Wata rana da kaka muna zaune a gindin mangwaro muna tsaga citta don a shanya. Tare da ni akwai Mama Ngozi, wadda ke sayen citta a wurinmu, mahaifinta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ta ga yadda nake riƙe wuƙa da kyar. Ta matso, ta kama hannuna, ta ɗora a ƙirjinta. Tsumma ne a cikin rigar.

"Saratu, ni ma an cire," ta ce. "Yarinya na yana firamare lokacin. Yanzu ya yi aure, ina goyon jika. Ke kina jiran wa?"

Na sunkuyar da kai, na yi addu'ar da ban taɓa yi ba. Na ce, Uba, na gaji da gaya maka abin da za ka yi. Kai ka nuna mini. Da na buɗe ido, ga citta a hannuna, gefe ɗaya ya ruɓe. Ban ma yi tunani ba, wuƙa ta yanke ruɓaɓɓen, na jefa mai kyau a tabarma. Abin da nake yi ke nan tun ina yarinya. Nan take zuciyata ta tsaya wuri ɗaya.

Da yamma na ce wa Bulus, "Litinin zan tafi Jos." Ya ce, "Ba mu gama shawara ba." Na ce, "Ni na gama." Mama Ngozi ce ta raka ni, ita ta zauna a bakin gadona bayan an cire nonon. Daga gidan mijina babu wanda ya leƙo.

Da na dawo sai sunaye suka canza. Mai naci ta zama mai taurin kai. Mai bangaskiya ta zama wadda ta fi yarda da wuƙar likita. Bakin da ya yabe ni ina mutuwa, shi ya zage ni da na zaɓi rai. Da namiji ne ya yi haka, da an ce jarumi ne, ya san abin da yake so. Wannan ya fi mini ɗinkin zafi, kuma har yanzu ina roƙon Allah ya taimake ni in yafe, don ban gama ba.

Bulus yana kwana a ɗakin waje tun ranar da na dawo. Yana cin tuwona, amma ba ya kallona. Yau ma na ce ya zo ya ji shaidata, ga kujerarsa can babu kowa.

Amma ni ga ni! Gashina da allurai suka zubar ya tsiro. Gwajin baya likita ya ce bai ga komai ba. Hannun nan da ya ƙi ɗaguwa, ku duba, ya ɗagu. Na gode wa Ubangiji da ya ba likita hannu, ya ba ni zuciya, ya aiko mini Mama Ngozi.

Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ku yi addu'a, amma ku bar shi ya amsa ta hanyar da ya ga dama. In akwai wadda ke zaune a nan tana ɓoye wani abu a ƙarƙashin rigar zumunta, ina bakin ƙofa bayan an tashi sujada. Na san motar Jos, zan raka ki. Su kira mu masu taurin kai mu biyu. Amin.