Turaren da Ya Hana Gida Sayuwa

A layin karɓar magani na asibiti, wata dattijuwa da wani dillalin gidaje suna zaune a benci ɗaya.

"Wata bakwai gidana ya ƙi sayuwa," in ji ta. "Jiya na miƙa mukulli!"

"Barka, Hajiya. Ai sayar da gida sai haƙuri. Ni in mutum ya duba gida, sai na ba shi mako guda kafin in kira."

"Mako? Ɗan nan, bayan mako ai kowa cewa zai yi gida ya yi kyau, muna shawara. Abin da dillalina ya yi ta kawo min ke nan. Da na gaji, ranar da wasu mata da miji suka zo, na bi matar har bakin mota, na ce don Allah ta faɗa min abin da ta gani."

"Kai, Hajiya! Ai wannan takura ce."

"Ta ce ba gani ta yi ba, shaƙa ta yi. Turaren da nake cika ɗakuna da shi kafin baƙi su zo, ashe kowa ɗauka yake warin danshi nake ɓoyewa! Na daina, na buɗe tagogi. Mutum na biyu da ya shigo ya saya."

Dillalin ya juyo ya dube ta.

"Turaren... da yawa kike sawa?"

"Au, kai ma kana sawa?"

Ya miƙe yana laluben waya. "Riƙe min layi. Waɗanda na kai da safe ba su yi nisa ba."

Ta ɗaga murya tana dariya: "Matar za ka tambaya!"