Saje Ba Ya Ƙorafi

AUTA: Assalamu alaikum. Mama? Kina ji na?

MAMA: Wa alaikumus salam. Au, Auta! 'Yar halak, yanzu Babanki ya gama zancenki.

AUTA: Ina kwana, Mama? An tashi lafiya?

MAMA: Lafiya ƙalau. Ya aiki? Ya sojojin naki?

AUTA: Duk lafiya. Ya zaman asibiti? Ya mai jiki?

MAMA: Da sauƙi. Ke kina cin abinci kuwa? Na ji muryarki ta rame.

AUTA: Haba Mama, murya tana ramewa ne?

MAMA: Taki tana yi, ni na haife ki. Ya kika ce? Ƙara ɗaga murya, layin nan sai shuuu yake yi.

AUTA: Na ce ya ƙafar Baba?

MAMA: To... da sauƙi.

AUTA: Wannan "to" ɗin fa?

MAMA: Tsaya in fita baranda, kunnensa ya fi idonsa lafiya. Yawwa. Auta, babu wani sauƙi. Ƙaramin yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ma ya fara bi. Wari kuwa, maƙwabcin gadonsa har roƙo ya yi a matsar da shi bakin taga.

AUTA: Innalillahi! Mama, mai ciwon suga ne fa! Ba sa wanke ciwon ne?

MAMA: Ranar da aka ga dama. Yau a ce bandeji ya ƙare a sito, gobe a ce mai makullin siton yana fareti. Injin hoto tun da muka zo yake a lulluɓe kamar shi ma an kwantar da shi. Likitan da ya san ciwon tun farko kuma an yi masa canjin wurin aiki.

AUTA: To wanda yake nan, me ya ce da ya gani?

MAMA: Ya gani a ina? Ai bai taɓa ɗaga bargon ba.

AUTA: Ban gane ba.

MAMA: Ke da kike cikin kakin, ni zan koya miki? Likitan Manjo ne. In zai shigo zagaye, sai a kore mu masu jinya waje. Ni ta taga nake leƙe. Babanki sai ya ja bargo ya rufe ƙafar, ya shafe shi sumul kamar za a duba bariki, ya ƙame a kwance. Manjo ya tsaya can ƙarshen gado ya ce, "Saje, akwai ƙorafi?" Shi kuma ya buɗe murya, "Babu ƙorafi, yallaɓai!" Shike nan, an wuce gado na gaba.

AUTA: Kai, Baba! Ba ki gaya wa nas ba?

MAMA: Na gaya mata har na gaji. Yarinyar kirki ce, amma Kofur ce. Ta ce mai ciwo ya ce babu da bakinsa, ita wace ce da za ta tare Manjo? Jiya na yi niyyar kutsawa, Babanki ya ce in na kunyata shi gaban ofisa ba zai ƙara cin abincin hannuna ba.

AUTA: Kai masa wayar.

MAMA: Ki bi shi a hankali, kin san halinsa. Ungo, ga shugabarka.

BABA: Ranki ya daɗe, Laftanar! Saje mai ritaya ke magana!

AUTA: Baba, ina kwana? Ya jiki?

BABA: Garau! Uwarki ce ta kai ƙarata, ko? Na ga fitarta. Matar nan da a soja take, da tuni ta yi juyin mulki.

AUTA: Baba, yatsanka ya yi baƙi?

BABA: Halo? Halo? Layin ba kyau.

AUTA: Layin lafiyarsa ƙalau, ina jin har numfashinka.

BABA: To ya ɗan canza kala. Kada ki biye mata ki zagi asibitin nan, namu ne. A nan aka haife ki.

AUTA: Lokacin akwai bandeji.

BABA: Ji bakinta! Auta, tun ina kurtu har na ajiye kaki, ban taɓa duban ofisa na ce akwai ƙorafi ba. Mun kwana cikin ruwa, mun kwana da yunwa, ban ce ba. Sai yanzu da furfura, a kan yatsa?

AUTA: Ba wannan ba ne kawai. Gaya mini gaskiya.

BABA: Wace gaskiya kuma?

AUTA: Baba?

BABA: In Manjo ya ɗaga bargon nan, cewa zai yi a yanke. Na ga yadda aka yi wa na gadon can. Tsoro nake ji, Auta. To, kin ji. Kada ki gaya wa uwarki.

MAMA: Ina tsaye a kanka, ai na ji.

AUTA: Ni ma tsoron nake ji, Baba. Amma in ya gani yau, wataƙila a tsaya a yatsa. In ka ci gaba da rufewa, ƙafar ce gaba ɗaya. Ka tuna ranar da aka saka mini tauraro? Kai ka fara sara mini, ka buga ƙafa har mutane suka juyo.

BABA: Ƙasa sai da ta amsa.

AUTA: To da wace ƙafar za ka buga in na dawo?

BABA: Ke dai kin iya kama mutum.

MAMA: Ga su Manjo nan fa! Sun shigo, ana korar mu. Bar masa bargon, Malam, kada ka ja!

AUTA: Kada ka kashe wayar, ajiye ta kan filo. Saje!

BABA: Na'am... ranki ya daɗe.

AUTA: Ofisa ke magana yanzu. Ka yaye bargon nan, ka nuna masa, ka faɗi duk abin da kake ji. Oda ce.

BABA: Auta, ki yi wa Allah...

AUTA: Ka taɓa ƙin bin oda?

BABA: Ban taɓa ba.

AUTA: Katina ya kusa ƙarewa, ina saurare.

LIKITA: Saje, akwai ƙorafi?

BABA: Ba... Yallaɓai... akwai.

LIKITA: Me ka ce?

BABA: Akwai ƙorafi, yallaɓai. Ga shi, duba.

LIKITA: Subhanallahi! Kofur, kawo safar hannu, maza! A shirya ɗakin tiyata. Saje, tun yaushe? Me ya sa sai yau?

BABA: Sai yau aka ba ni oda, yallaɓai. Laftanar ce. 'Yata ce, auta. Ga ta nan a waya, tana ji. Auta, kin ji na faɗa? Auta? Halo?