Sandar Laima ta Hannun Dama

Yabo ga Yesu Kristi.

Fada, Sista, malam katakis, shugaban kwamiti da mutanensa, matar marigayi da 'ya'yansa, jama'a, ina gaishe ku. An ce mini minti biyar. Ni ban yi boko ba, ban san minti ba, in na gama zan zauna.

Ku kun san shi da Baba Kafinta. Mu da muka tsufa tare muna ce masa Gajere, shi kuma ya ce mini Dogo.

Ya kasance mai aikin da ba a gyarawa. Bencin da kuke kai, shi ya buga. Laimar da muke riƙe wa Jikin Kristi in Fada ya ɗauko shi ranar zagayen gari, shi ya sassaƙa sandunanta huɗu, kowacce daidai tsawon mai ɗaukarta, don kada ta karkace. Tawa ya rage mata taƙi biyu, ya ce Allah ya riga ya ba ni sauran. Shekara ashirin da shida muna gaba, ni dama, shi hagu.

Ya kasance mai sanin abin da ya ɗauko. Ba irin na yanzu ba, da Ubangiji ke wucewa suna ɗaga waya. Yakan ce mana, duk shekara mu ke zuwa gidan Ubangiji ya ciyar da mu da jikinsa, yau kuwa shi ya fito neman waɗanda ba su iya zuwa, to a yi tafiya a hankali, kada a wuce ƙofar majinyaci da gudu.

Ya kasance mai faɗin gaskiya ba gishiri. Nan ne muka ɓata. Shekara tara ke nan, a kwanar gidan mai, hannuna ya yi rawa, laima ta sunkuyo har gefenta ya shafi kan Fada. Washegari Gajere ya tashi gaban kwamiti ya ce hannun Dogo ya ƙare, a ba wani sandar. Gaskiya ce. Amma da ya same ni a gida mana! Ƙofata da tasa ko taku hamsin babu.

Tun ranar ban sake yi masa magana ba. Ban kuma sake karɓar Jikin Kristi ba, don an koya mana ba a zuwa teburin nan da ƙulli a zuci, ni kuwa ba na yi wa Allah ƙarya. Kowace Lahadi ina bencin baya, in an tashi layi sai in kauda gwiwa a wuce. Kuna ta cewa tsoho ya yi wani babban zunubi. To yau kun ji shi.

Lokacin zagayen bara yana kwance ba lafiya. Ku 'ya'yansa kuka fito da shi bakin ƙofa a kujera. Da laima ta zo ya so ya durƙusa, kuka riƙe shi. Ni ina can ƙarshen layi. Ya hango ni, ya ce, "Dogo, har yanzu?" Na ce, "Har yanzu." Iyakar maganarmu ke nan a shekara tara.

Mama, ki yafe mini. Kin aiko sau uku yana nemana, na ce ƙafata na ciwo. Ƙafata lafiya lau take. Ku yara, ubanku bai bar muku abin kunya ba, ku riƙe uwarku.

Na gaji, jama'a. Na zaci shi nake horarwa, ashe shi yana ci ni ina zaune da yunwa. Har gobe ina cewa bai kyauta ba da ya faɗa cikin mutane, amma yanzu wa zan gaya wa?

Na gode muku da kuka saurara. Ubangiji, wannan bawa naka ya daɗe yana yi maka inuwa a rana, ka ba shi hutu a taka inuwar. Amin.

Fada, in an tashi kada ka yi saurin shiga mota. Ina da furta zunubi, kuma zai ɗan ja lokaci.