Allon Ɗinkina Ya Koma Bayan Kujera

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Hajara mai ɗinki daga Longsight, Manchester, kuma yau da takaici na zo.

A gida nake ɗinki. Da na je Kano bara, Inna ta sa aka yi min allo mai fitila ɗauke da sunana, ta tofe shi da addu'a. Na bar kilishi da yaji saboda nauyin kaya, na rungumo allon. Ina dawowa na kafa shi saman ƙofa, yadda kowace tela take yi a gida.

Ba a jima ba sai ga ma'aikacin council, wato ƙaramar hukuma, har da murmushinsa. Wai layinmu na gidajen zama ne, allo mai haske sai da permission, wato izini. Na ce, "Bawan Allah, bangon waye?" Ya ce bangon nawa ne, amma idon na maƙwabta ne. Malam, ga kuwa wani maƙwabcinmu da fitilun Kirsimetinsa suke kashe mana ido har Fabrairu!

Na cire. Yanzu masu kawo ɗinki wuce ni suke, don gidajen layin duk kamarsu ɗaya. Wata amarya daga Birmingham ta gaji da zagaye, ta koma da leshinta.

Jama'a, wanda ya san hanyar permission ɗin nan ya taimaka min. Ina gaida Maman Hanifa ta Cheetham Hill. Inna kullum sai ta tambaya ko allon yana haske. Yana haske mana, Inna, a bayan kujera yake haska bango.